Allurar Gagamari da Ƙurar Tattasai

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyar Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa kun sauka Shetimari lafiya ke da ɗan maigidana, Ya sa motar ba ta jijjiga mini shi ba, Ya tsare ku daga sharrin hanya da sharrin baki da na ido. Ki gaishe mini da mijinki Bukar da surukarki da duk mutanen gidan, ki ce ina yi musu barka da karɓar baƙo.

To, gaisuwa ta ƙare. In dai kina karanta wannan takarda, kin buɗe jakarki ja ke nan, kin zura hannu can ƙasa, ƙarƙashin zannuwan goyo inda kike zaton babu mai gani, kin ciro abin nan. Ni na naɗe shi da takardar na ɗaure da zare, don kada ki kai gare shi sai kin bi ta kaina. Kada ma ki fara cewa na yi miki bincike. Sabulu nake sa miki a jakar na ci karo da kwalin, na buɗe na ga 'yar sanda ta roba, a bakinta 'yar taya mai ƙananan allurai ba iyaka. Rola kuke ce mata, ke da ƙawarki Bintu da ta sayo ta a Maiduguri. Na ji ku shekaranjiya ta bayan katanga kuna ƙus-ƙus: wai a mirgina ta a ciki, ta huhhuda fata, fata ta yi sabuwa, nankarwar haihuwa ta ɓace. Wai mako ɗaya tana wurinki, mako ɗaya tana wurin Bintu. Inna lillahi! Na rasa wadda zan fara mari a cikinku.

Kwana arba'in da 'yan kai kika yi a gidan nan kina wanka, ban iya zaunar da ke na faɗa miki abin da ke cikin takardar nan ba. Ke ce 'yar fari, ban taɓa kiran sunanki ba, ban saba hira da ke ba, in na buɗe baki da niyyar nasiha sai ta fito faɗa. Jiya na gwada. Na ce, "Ke, ki bar cikin nan ya huta." Ko ɗago kai ba ki yi ba, kika ce, "Inna, ku zamaninku daban." Zamaninmu daban! Maganar nan ta hana ni cin tuwo. Shi ya sa yau da kika fita yi wa maƙwabta sallama na yago takardu daga littafin ƙaninki na zauna. Ki yi haƙuri da rubutun, aji biyar na yi a lakwal a Damagaram, sauran a yaƙi da jahilci na ƙarasa. Ki karanta har ƙarshe, sannan ki gaya mini ko zamanin namu daban ne.

Lokacin da na haife ki, shekarata ta biyu ke nan a Diffa. Babanku ya taho da ni daga Damagaram, yana sayen tattasai wurin manoman bakin Komadugu yana loda wa manyan motoci. Ba ni da kowa a garin sai maƙwabciyarmu Falmata, ita ma a lokacin tana goyon Modu ɗan wata huɗu. Gwaggonki Zuwaira, ƙanwar babanku, ita aka turo ta yi mini wankan jego. Kin san bakin Zuwaira, har yau bai mutu ba. Wata safiya tana tsoma ganyen darbejiya a ruwan zafi tana fyaɗa mini, sai ta tsaya ta dubi cikina ta kwashe da dariya.

Ta ce, "Kai, Hadiza! Cikin nan naki sai ka ce bakin kogi in ruwa ya janye. Duk ya tsattsage. Ki ɓoye shi kar yayana ya gani ya tahi ya bar garin."

Wasa take yi, irin wasan dangin miji. Ta faɗa ta manta tun kafin ruwan ya huce. Ni kuwa na ɗauka na adana. Daga ranar kullum in na shiga wanka sai na tsaya ina ƙirga layukan da yatsa, har suka riƙa ƙaruwa a idona alhali ba ƙaruwa suke yi ba. Wannan ita ce wautata ta fari, kuma duk sauran daga cikinta suka fito.

Ban san wanda ya yi miki dariya ba, amma na san an yi. Ni na yi miki wanka da hannuna, na ga ranar da kika fara juya mini baya in za ki kwance zane, kuma ranar ce Bintu ta fara zuwa barka. Ki saurara. Nankarwar da kike gani yanzu sabuwa ce, shi ya sa ta yi duhu ta yi faɗi. In kika ƙyale ta, wata da watanni za ta dushe ta kwanta da kanta. Ba za ta ɓace ƙurmus ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ki je ki roƙi Falmata ta nuna miki nata cikin, haihuwa bakwai ta yi ba ta taɓa shafa masa komai ba sai man gyaɗa, sai kin matsa kusa za ki gane akwai wani abu a wurin.

Wauta ta biyu ita ta fi ba ni haushi, don Allah Ya riga Ya yi mini gargaɗi na toshe kunne. Ina budurwa na ga 'yan mata suna ƙara huji na biyu a saman kunne, na ce ni ma sai na yi. Nasu ya warke sumul, nawa ya fito da ƙulli kamar ƙwayar gujiya. Shi ne wanda nake rufewa da kallabi, wanda kike cewa kina ƙarama wai ƙuda ya zauna mini. Mahaifiyata ta gani ta buɗe mini ƙirjinta, inda wanzami ya taɓa yi mata tsaga tana yarinya saboda tari. Kowace tsaga ta taso ta yi tudu. Ta ce, "Mu hwatarmu ba ta yahiya. In aka taɓa ta sai ta rama." Na ce to, na ji. Ashe ta kunnen hagu ta shiga ta fita ta dama.

Yanzu ɗaga hannun rigarki na hagu ki dubi shaidar rigakafin da aka yi miki kina jaririya. Ki dubi ta Bukar. Tasa ta lotsa ta kwanta, taki ta taso tana ƙyalli. Fatarmu ce kika gado, ba ta dangin babanku ba. Huda ɗaya ta yi miki wannan. Sai ki zauna ki yi lissafin abin da huda ɗari-ɗari za su yi miki a ciki, tunda ke kin yi lakwal mai zurfi.

Ni dai ban yi lissafin ba. A Gagamari akwai wata tsohuwa, Allah Ya jiƙanta, mai yi wa 'yan mata baƙin leɓe da baƙin dasashi. Takan ɗaure allurai wuri guda da zare, ta yi ta caccaka leɓen har ya yi jini, sannan ta shafa baƙin fitila. Wata mata da ta daɗe a Sudan ta raɗa mini a wurin biki cewa in aka caccaka nankarwa da irin alluran nan ba tare da baƙin ba, aka shafa man shanu, fatar takan haɗe ta koma yadda take. Kin gani ko? Dabarar rolarku ba sabuwa ba ce. Roba kawai aka ƙara mata da kwali mai hoton Baturiya.

Ana gama arba'in, Zuwaira ta koma Damagaram, na ce wa babanku zan je barka Gagamari. Na goya ki na tafi. Na tarar da 'yan mata uku a gabana, kowacce ta tashi da leɓe a kumbure tana tofar da jini. Da ta gama da ta ukun, tsohuwar ta tsoma alluran a ɗan kwanon ruwa, ta goge su a gefen zanenta. Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "Yarinya, ni leɓe na sani. Ciki ban sani ba."

Na ce, "Kaka, ki yi kawai. Na ji na gani."

Ita da sana'arta ta ji tsoro, ni uwar sani ban ji ba. Na kwanta a tabarma na ciji gefen mayafi, kina gefe kina barci, ta bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya daga cibiya har mara. Da alluran da suka fito daga bakin mutum uku a gaban idona.

A lokacin ba mu san komai a kan cututtukan jini ba. Ku kuwa kun sani. Rediyo ba ya wuni bai yi maganar sida, wato ƙanjamau, da ciwon hanta ba, ke da bakinki kika hana wanzami aske kan ɗanki ranar suna sai da aka sayo sabuwar reza. Na ji daɗi ranar, na ce yarinyar nan tana da hankali. Ashe hankalin na kan jariri ne kawai. Reza ɗaya ba ki yarda a raba ba, amma allurai ɗari kin yarda ki yi karɓa-karɓa da Bintu! Kin san abin da ke cikin jininta? Ita kanta ta sani? Duk abin da ke huda fata, ko na 'yar uwarki ne ciki ɗaya, ba a aro kuma ba a ba da aro. Wannan ko da kin watsar da duk sauran maganata, ki riƙe shi.

Na dawo gida cikina ya yi jawur ya kumbura, yana zafi kamar an ɗora mini garwashi. Mai hankali zai bar shi ya sha iska. Ni sai na matse lemun tsami a kai, wai yana sa haske. Da na gama tsalle, na bi shi da wani man kanti na masu son yin fari. Na kawo zane mai kauri na ɗaure tamau don kada kowa ya lura. Duk abin da fata mai rauni ba ta so, sai da na ba ta shi a yini ɗaya.

Rana ta uku ita ce ranar da ba zan manta ba. Lokacin tattasai ne, kamar yanzu. Motoci za su zo lodi, babanku ya tara mata a shanya can bakin lambu ana tsince ruɓaɓɓu ana dannawa a buhu. Matar mai kaya ba ta zama a gida ran lodi sai da dalili, ni kuma dalilina ba ya faɗuwa. Na ajiye ki a inuwa kusa da Modu na shiga cikin mata. Kin san yadda wurin yake, ƙura ja ta tashi kowa na atishawa, hannu ya rine har gwiwa. Rana ta take, gumi ya riƙa gangarowa cikin zanen, wurin ya kama ƙaiƙayi. Na daure, na daure. Can na juya baya, na zura hannu ƙarƙashin zane na sosa da kyau, da farce biyar.

Mutane suna cewa tattasai ba shi da yaji kamar barkono. Su gwada shi a kan fatar da aka huhhuda. Ihun da na yi sai da masu ɗinkin buhu suka zubar da basilla. Mata suka ce kunama ce, wata ta ce maciji, aka shiga ɗaga buhuna ana nema. Ni kuwa na ruga bayan lambu, na faɗa cikin hanyar ruwan da injin ke jawowa daga kogi, na riƙa kwasar ruwan da laka da komai ina zubawa a ciki. Ruwan da shanu suka taka, jakuna suka sha. Na ji sanyi a lokacin har na yi hamdala. Da na dawo na ce musu kunamar ta gudu.

Yanzu gaya mini, ina za ki? Gidan manoman tattasai, a tsakiyar kaka. Tsakar gidan surukarki shanya ce, rufin ɗakinki shanya ne, igiyar da za ki rataya zanenki ma ja take. Amarya mai sabon goyo za ta ce ba za ta taɓa tattasai ba har mako guda, kuma ba za ta faɗi dalili ba? Za ki taɓa, za ki yi gumi, zai yi ƙaiƙayi, kuma za ki sosa, don ke ɗiyata ce. Baturiyar da ke jikin kwalin nan ba ta taɓa danna buhu a rana ba.

Wauta ta gaba ita ce shiru. Kwana biyu wurin ya ƙara kumbura, ya yi tauri, ya fara ruwa. Jan ya bazu har kwiɓi. Zazzaɓi ya rufe ni, na ce sanyin kogi ne. Na riƙa shan ganye ina ƙara ɗaure zane. Kwana shida ina haka, ina ba ki nono ina cije baki in ƙafarki ta taɓa wurin. Babanku yana can wajen lodi, in ya tambaya in ce jego ne bai sake ni ba. Rana ta bakwai da hantsi Falmata ta shigo aron turmi, ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙi iska. Kin san Hausarta, ba ta raba mace da namiji.

Ta ce, "Hadiza, ɗakin nan wari yake. Kai ka ɓoye wani abu. Kwance zane."

Na ce babu komai. Ta zo ta fizge zanen da kanta. Da ta gani ta yi salati da Barbarci, ta sungume ki ta goya a gaba ga Modu a baya, ta fita tana kiran babanku da ƙarfi. A amalanke aka kai ni asibiti don ba na iya tsayuwa.

A can ma ban daina ba. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya tambayi abin da ya same ni, na ce ruwan zafi ne ya zubo mini. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Madam, ruwan zahi ba ya yin layi-layi. In kika ba ni ƙarya, maganin ƙarya zan ba ki." Sai a lokacin na faɗi gaskiya, a gaban babanku, ina kuka. Majo ya ce da an ƙara kwana biyu da ba asibiti za a kai ni ba.

Don haka ki ji. Kowane irin rauni, naki ko na yaron, in ya kwana biyu zafinsa yana ƙaruwa maimakon raguwa, in ya fara ruwa ko mugunya, in jan yana tafiya, in zazzaɓi ya biyo baya, ki tashi ki tafi asibiti a ranar. Ba gobe ba, ba sai an gama lodi ba. Kuma in kin je ki faɗi abin da kika yi da bakinki. Kunyar minti biyar ce, ni tawa ta kwana shida ta kusa kai ni kushewa.

Ki ji kuma abin da ya fi ƙona mini rai. Da majo ya fita, babanku ya matso ya ce, "Hadiza, me ya kai ki?" Na ce saboda nankarwa. Ya sosa ƙeya, ya ce, "Wace nankarwa?" Wallahi bai taɓa lura ba! Mutumin da zai bambance tattasan Gagamari da na Shetimari ido rufe, bai san cikin matarsa ya canja ba. Na so na jefe shi da kwanon magani. Kafin ki yi wa jikinki wani abu saboda Bukar, ki tambayi Bukar. Ina kyautata zaton irin amsar da za ki samu ke nan.

Kada ki ce tsohuwa ce kawai ke tsoron abin zamani. Jiya da safe da na ce miki zan je kasuwa, rolarki na sa a jaka na kai wa ungozomar da ta karɓi haihuwar ɗanki. Na so ta ce guba ce in zo in huta. Ba ta ce ba, har haushinta na ji. Ta ce abin gaskiya ne, akwai likitocin fata da ke aiki da irinsa, yana rage wa wasu nankarwa da tabo, ragewa ba gogewa ba, shi ma sai an daɗe ana yi. Ta ce wanda zai yi a gida, dole abin ya zama nasa shi kaɗai, ya jiƙa shi a alkol na farmasi, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, kafin da bayan, ya wanke hannu da wurin, kada ya danna har jini ya fito, kada ya bi ta kan ƙurji ko rauni. In an gama wurin zai yi ja ya yi zafi-zafi kwana ɗaya ko biyu, ya bushe, wani har ya yi saɓa. A kwanakin nan babu rana, babu gumi, babu turare, babu man bilicin, babu lemun tsami, babu ruwan kogi, sai ruwa mai tsabta da tufa mai sakewa. Kuma ba a maimaitawa sai an ba fata wata guda ko fiye ta warke. Ku da kuka shirya yi mako-mako! Ta ƙara da cewa mu baƙaƙe, in aka matsa wa fatarmu, wurin yakan yi baƙi ya fi nankarwar muni.

Sai na zame kallabi na nuna mata kunnena, na ce ɗiyar ma haka shaidar rigakafinta take. Nan take ta mayar da rolar cikin kwali ta rufe.

Ta ce, "Hajiya, duk abin da na hwaɗa na wasu ne. Mai irin wannan jiki ba a huda shi, ko a hannun lokotoro, likita da kansa. Balle mai jego da ko wata biyu ba ta yi ba. Ki ce ta zo ta gan ni."

Kin ji. Ba ni na faɗa ba, mai takarda ce ta faɗa, 'yar zamaninku.

Saura abu ɗaya, shi ne wanda na yi ta kewaye-kewaye tun farkon takardar nan. Na fi wata a asibiti. Zazzaɓi da rashin ci suka ƙafar da nonona. Duk tsawon lokacin kina wurin Falmata, Modu a dama ke a hagu. Ranar da aka sallame ni na karɓe ki na sa ki a ƙirji. Kika ja sau biyu ba ki sami komai ba, kika kau da kai, kika yi ta tsala kuka kina miƙa hannu wajenta. Na sha kunun kanwa, na sha duk abin da aka ce yana kawo nono, bai dawo ba. Ita ta shayar da ke har yaye. Daga nan matan unguwa suka fara ce miki ɗiyar Falmata, ni ma na bi su.

An gaya miki zazzaɓin jego ne ya kwantar da ni. Ƙarya ce, ni na ƙirƙire ta, babanku da Falmata suka rufa mini asiri shekara goma sha tara. Mutane kuma suna yabona, wai Hadiza akwai kara, ko kallon 'yar fari ba ta yi. Ba kara ba ce. Al'adar ce ta zo mini daidai na ɓuya a bayanta. In na dube ki sai in tuna abin da na sayar da nononki a kansa, sai in kau da kai. Wannan ita ce wautata mafi tsawo, kuma ba ni da nasihar da zan ɗora a kanta sai dai in ce ki yafe mini.

Nankarwar kuwa tana nan, ba ta je ko'ina ba. A kanta tabo ya taso ya yi tudu, layi-layi kamar an ɗinka mini igiya daga cibiya zuwa mara. Duk cikin ƙannenki da na ɗauka sai ya ja ya yi kamar zai yage. In lokacin tattasai ya zo yana ƙaiƙayi har yau, yanzu haka da hannu ɗaya nake rubutu. Ba ki taɓa ganinsa ba. In kin zo da Salla ki shigo ɗakina ki rufe ƙofa, zan kwance zane ki sa hannu ki taɓa.

Rolar ga ta nan na mayar miki. Na tsaya da ita a bakin masai, na fasa, don na san in na jefa Bintu za ta sayo wata kuma ba za a naɗe ta da takarda ba. Ke ba yarinya ba ce, uwa ce. In kin ga duk da haka sai kin yi, to kafin ki fara ki zaga gidajen Shetimari ki zaɓi matar da kike so ɗanki ya riƙa miƙa wa hannu, ki gaya mata tun da wuri ta shirya. Ni sa'a na yi Allah Ya ba ni Falmata, kuma duk da alherinta, har gobe in na ji an kira ki da sunanta sai abin ya soke ni.

Kwana arba'in ina satar kallonki kina ba shi nono, ya ƙoshi ya saki ya yi barci da madara a gefen baki. Ban taɓa samun wannan da ke ba. Kada ki ba da shi saboda layukan da mijinki ma wataƙila bai gani ba.

In kin karanta kada ki yi mini bip a wayar Bukar, ki kira ki katse, kamar yadda kika saba. Ki sa kati ki kira, ko zagina za ki yi a zuci ina so in ji muryarki.

Allah Ya tsare jikinki da jininki, Ya sa albarka a nononki, Ya raya mana yaron nan a ƙirjin uwarsa. Allah Ya ba ku zaman lafiya da mijinki da mutanen gidansa, Ya kare ku daga zazzaɓi da mugun ƙarfe da mugun baki, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Allah Ya tsare mini ke, Balkisa. Ga shi na rubuta, rufin ɗaki bai faɗo ba. Balkisa, ɗiyata.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Hadiza, Diffa.